Babi na Shida: Faranti, Tulu da Rubutu a Ɓawon Mangwaro

Ruwan da ke shiga gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Yakan biyo ta Ruwan Kanya, ya shiga babban kanal, ya rabu gabas da yamma, ya bi ƙananan magudanai har ya isa kunyar tumatir ko fangalin shinkafa. Ba inji ke tura shi ba, gangara ce kawai. Tun da aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, buɗe ƙofar ruwa da rufe ta ya zama abin da ke tsara rayuwar duk wani tsiro mai saiwa a yankin, daga alkama da albasa har kacalar da ke toshe magudanai tana sa manoma ciwon kai.

Akwai wata halitta da ke zaune a bakin wannan kanal amma ba ruwanta da ranar da aka saki ruwa. Ka tsaya a gindin tsohon mangwaro ko tsamiya, ka duba ɓawon ta gefen da rana ba ta cika duka ba. Kana iya cin karo da wani tabo mai launin toka, ko fari mai sirkin kore, wanda faɗinsa bai wuce yatsa biyu ko uku ba, ya manne da ɓawon kam. Irinsa ba su da yawa a ƙasar Kano, don dogon ranin nan ba wasa ba ne, sai an sa ido. Masana suna kiransa laikin, kuma an san kusan iri 20,000 a duniya. Ba shi da saiwa. Ruwan sama yake sha, da raɓa, da danshin da ke cikin iska. Idan hunturu ya busa ya bushe ƙayau, ba mutuwa ya yi ba, tsayawa ya yi, kuma ɗigon ruwa na taɓa shi zai koma aiki cikin 'yan mintuna. A 2005 hukumar sararin samaniya ta Turai ta fitar da iri biyu zuwa sarari, suka yi kusan mako biyu babu iska babu kariya daga hasken rana, aka dawo da su suka ci gaba da rayuwa. Wanda ya jure wannan, bazarar Kura ba za ta ba shi tsoro ba.

Mai lambu idan ya gan shi yakan ce cuta ce ta kama bishiyar, wani ma har ya sa wuƙa ya kankare. Wahalar banza. Laikin ba ya tsotsar komai daga bishiya, wurin zama kawai ya ara. Gaskiya ne an fi ganinsa a bishiyar da ta tsufa ko ta fara gajiya, amma dalili shi ne ganyenta ya ragu, haske na isa ga ɓawon, ɓawon kuma ya daina saurin sabuwa. Ya tarar da gajiyar ne, ba shi ya kawo ta ba.

Halittu biyu ne a jiki ɗaya. Ɗaya daga dangin funfuna da naman kaza take, jikinta zare ne sirara masu saƙuwa da juna, ita ce ke gina gida, ta riƙe ruwa, ta tare zafin rana. Ɗayar kuma ƙananan ƙwayoyi ne kore daga dangin gansakuka, suna zaune jere a ƙarƙashin fatar sama, suna haɗa abinci da hasken rana, funfunar na ci. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, shi ya fara faɗin haka a 1867, kuma ya sha suka. Babban masanin laikin na wancan zamani, William Nylander ɗan Finlan, har ya rasu a 1899 bai yarda ba.

To amma idan aka zo batun haihuwa, tarayya ta ƙare. Gidan irin da ake gani a jikin laikin na funfunar ne ita kaɗai, gansakukar ba ta da hannu a cikin 'ya'yan. Wannan gidan iri shi ne abin da masani ke fara nema idan ya ɗora tabarau mai ƙara girma sau 10 a kan tabon, don da shi aka fi gane wane ne wane. Siffofinsa manya uku ne.

Na farko, kuma wanda ya fi yawa, shi ne mai faranti, wanda littattafai ke kira afotesiya. Kalmar ta shiga wannan fanni ne ta hannun Erik Acharius ɗan Suwidin, almajirin masanin tsirrai Linnaeus, a farkon ƙarni na 19. Ɗan da'ira ne, sau da yawa milimita ɗaya ko biyu, mai fuska a buɗe da baki zagaye da ita. Fuskar kan zama baƙa, ko ruwan ƙasa, ko ruwan goro. Idan aka sa sabuwar reza aka yanko siriri, aka ɗora a gilashi da ɗigon ruwa, aka leƙa ta madubin ganin ƙananan halittu, sai a ga abin da ido ba zai taɓa zato ba. Jakunkuna ne dogaye a tsaitsaye, kafaɗa da kafaɗa, bakinsu na kallon sama. A cikin kowace jaka akwai ƙwayoyin iri, galibi 8, saboda ƙwaya ɗaya ce ta rabu biyu, biyun suka zama huɗu, huɗun suka zama takwas. Tsakanin jakunkunan akwai wasu zare marasa iri da ke tallafe su, kuma kawunan waɗannan zare ne ke haɗuwa su ba fuskar farantin launinta. Launin ba ado ba ne, yana taimakawa wajen tare hasken da zai iya ƙona irin.

Farantin ba ya komai muddin yana bushe. Ruwan farko na watan Mayu ko Yuni na sauka, jakunkunan da suka nuna za su sha ruwa, su kumbura, matsi ya taru a cikinsu har bakin ya buɗe da ƙarfi, a harbo irin sama. Tazarar ba ta da yawa, 'yan milimita ne ko santimita kaɗan, amma ta isa ta fitar da shi daga iskar da ke kwance a jikin ɓawo zuwa wadda ke tafiya. Amfanin fuska a buɗe ke nan: jakunkuna da yawa na iya harbi a lokaci guda, cikin ɗan taƙin da danshi ya samu. Naman kaza yakan fito bayan ruwa, ya kwana biyu ya ruɓe. Farantin laikin kuwa yana nan shekara da shekaru, ya bushe ya jiƙe, yana nunar da sababbin jakunkuna a hankali, yana jiran kowane ruwa.

Bakin farantin ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan ɗalibi ke fara koyon rarrabewa. Wani baki launinsa ɗaya da sauran jikin laikin ɗin, domin jikin ne ya taso ya kewaye farantin, har da ƙwayoyin gansakuka a cikinsa. Irin na Lecanora ke nan. Ka ɗiga masa ruwa ka ga bakin ya yi kore-kore tare da jikin, fuskar kuma tana nan da launinta. Wani kuma bakinsa baƙi ne ƙirin kamar fuskar, tauri gare shi, babu gansakuka ko ɗaya a ciki, irin na Lecidea. Akwai na uku, mai baki fari-fari ko mai launi, mai taushi, shi ma babu gansakuka. A ƙasashe masu zafi, masu launin tokan da aka fi samu a jikin mangwaro da bishiyoyin bakin hanya sukan kasance Dirinaria ko Pyxine. Dukansu suna da ƙananan rassa manne da ɓawo, dukansu fuskar farantinsu baƙa ce, ƙwayar irinsu kuma ruwan ƙasa mai ɗaki biyu. Amma Dirinaria tana riƙe da bakinta mai launin toka, a yawancin Pyxine kuwa bakin yakan baƙaƙe. Akwai ma wata dabara. Wani irin da ake kira Pyxine cocoes, idan aka haska masa fitilar nan ta duba jabun kuɗi cikin duhu, sai ya yi rawaya mai ƙyalli saboda wani sinadari da ke cikin fatarsa.

Simintin da aka shafe kanal da shi, da kwalbatoci, da tsofaffin katangu, su ma gida ne, ga irin laikin da ke son farar ƙasa. Daga cikinsu akwai masu launin ruwan goro ko rawaya, dangin Caloplaca, waɗanda sau da yawa jikinsu ba ya ko fitowa sosai, ƙananan farantai kawai ake gani a warwatse. Ɗigon sinadarin fotasiyam mai kaifi na taɓa su sai su koma ja mai duhu. Nylander ɗin nan da ya ƙi yarda da Schwendener shi ya shigo da wannan gwaji a 1866, kuma har gobe ana amfani da shi. Mutum na iya yin kuskure a babban abu ya kuma yi daidai a wani.

Siffa ta biyu ita ce mai tulu, feritesiya. A nan jakunkunan ba a fili suke ba. Suna cikin wani ɗan rami mai ciki da ƙuntataccen baki, binne a jikin laikin ɗin ko a cikin ɓawo, ko ma a cikin dutsen kansa. Daga waje ɗigo baƙi kawai za ka gani, wani lokaci da ɗan tudu, da ƙaramin huji a tsakiya. Jakunkunan sukan yi layi ne, wadda ta nuna ta miƙo zuwa bakin ta saki irinta, ta ba wata wuri. Harbin ba shi da yawa a lokaci guda, amma cikin tulun ya fi daɗewa da laima, kuma ƙwari da ƙura ba sa isa ga irin da sauƙi. Kada dai mai karatu ya ɗauka wannan siffa ta masu zaman fari ce kawai. Dangin Verrucaria, masu tulu ne, da yawansu a kan duwatsun rafi da na bakin teku suke, inda ruwa ke wanke su kullum. Rufaffen gida yana maganin bushewa, yana kuma maganin ambaliya.

Ta uku ita ce ta fi ɗaukar ido. Farantin ne aka ja shi ya yi tsawo, ya zama siririn layi baƙi mai leɓe biyu, yana lanƙwasa, yana rassa, har ya zama tamkar an yi rubutu da tawada a kan farin ɓawo. Sunansa lirela. Linnaeus da kansa, a 1753, sunan rubutu ya raɗa wa wanda ya sani a Turai, wanda yau ake kira Graphis scripta. A yawancinsu leɓunan sukan matse idan an bushe, su ɗan buɗe idan an jiƙe, wato suna da rabin amfanin faranti da rabin amfanin tulu. Danginsa ya haura iri 2,000, kuma mafi yawansu a dazuzzuka masu ruwa suke, a kan ɓawo mai santsi. Wanda ke zuwa kudu sayen goro ya fi mazaunin Bunkure damar ganinsu, a jikin bishiyoyin goro da koko. Idan ka karce jikin irin wannan da farce, ƙarƙashin yakan nuna ruwan goro maimakon kore, don gansakukar da ke ciki wata ce daban, Trentepohlia, mai wannan launi.

Yanzu ga matsalar da ke tattare da duk siffofin nan uku. Ƙwayar irin da aka harba ita kaɗai ta tafi. Idan ta sauka a ɓawo mai laima za ta tsiro, ta miƙa zare, amma ba ta iya haɗa abinci. Sai ta yi sa'ar cin karo da gansakukar da ta dace da ita kafin guzurinta ya ƙare, in ba haka ba ta mutu. Yawancinsu mutuwar suke yi. Shi ya sa laikin da yawa suke da wata hanya. Wasu jikinsu kan fashe a wurare, wani gari ya fito, kowace ƙwayar garin kuwa 'yan ƙwayoyin gansakuka ne naɗe da zaren funfuna. Ana kiransa soridiya. Wasu kuma ƙananan tsiro suke fitarwa masu saurin karyewa, isidiya. Manomi ya san bambancin nan sarai: akwai abin da ake shuka ƙwayarsa, akwai kuma rogo da rake da ake yanko karansu a binne. Karan ya fi tabbas, amma abin da zai fito kwafin uwar ne, babu sabon jini. Ƙwayar iri caca ce, sai dai ita ke kawo sabon haɗi, kuma ta fi sauƙin tafiya nesa. Pyxine cocoes da wasu Dirinaria masu gari ne, kuma akan daɗe ana dubawa ba a ga faranti ko ɗaya a jikinsu ba.

Wanda ya fi burge ni a wannan fage shi ne Endocarpon, wani ƙaramin laikin mai tulu da ke zama a kan ƙasa da tsofaffin katangu har a wurare masu ƙarancin ruwa. Shi bai zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba. A cikin tulun nasa, tsakanin jakunkunan iri, yana ajiye ƙananan ƙwayoyin gansakuka. Idan aka harba irin, sukan manne masa su fita tare. Ɗan ya bar gida da sabon jini, ya kuma tafi da mai ciyar da shi.

Yawan irin ma ba dole ne ya tsaya a 8 ba. A kan manyan falalen duwatsu na dajin Afirka mai ciyawa, irin waɗanda ake gani wajen Rano da Tiga, masu bincike sun sha samun Peltula, ƙananan ɓawo-ɓawo masu launin zaitun mai duhu. Farantinta a nutse yake cikin jiki, kuma kowace jaka na ɗauke da ƙwayoyi masu ɗimbin yawa, ƙanana ƙwarai. Wasu irin Pertusaria kuma ƙwaya ɗaya ko biyu kacal suke sawa a jaka, amma manya, cike da guzuri. Kowa da lissafinsa.

Sai kuma baƙin da ba a gayyata ba. Ba kowane ɗigo baƙi a jikin laikin ne nasa ba. Akwai funfunar da ba ta da gansakukar kanta, ba ta kuma rayuwa a ko'ina sai a jikin laikin. Wata tana cin mai masaukin har ya yi fari ya mutu, wata tana sa shi ƙari, wata kuwa tana zaune lafiya ba a ko jin ɗuriyarta sai ranar da ta fitar da gidan irinta. Ƙidayar da aka wallafa a 2018 ta kai su sama da iri 2,000, kuma da yawansu ba sa hawa sai laikin iri ɗaya tak. Su ma faranti da tulu suke yi, shi ya sa masanan farko suka sha ɗaukar 'ya'yan baƙo a matsayin na mai gida. Alamar da ake bi ita ce a ga tulu a jikin wanda aka san danginsa da faranti, ko a ga ɗigon ya taru a inda launin jikin ya sauya. A 2016 kuma wani bincike da Toby Spribille ya jagoranta ya nuna akwai wani irin yis da ke zaune a fatar laikin da yawa, wanda aka yi ta kallo shekara 150 ba a lura da shi ba.

Fiye da ƙarni guda ana raba dangi bisa siffa: masu faranti gefe, masu tulu gefe, masu rubutu gefe. Da aka fara karanta ƙwayoyin gado daga shekarun 1990, sai tsarin ya girgiza. An gano masu rubutu ba 'yan gida ɗaya ba ne, siffar ta ɓulla fiye da sau ɗaya a dangogin da ba su da kusanci, kuma a cikin dangin Graphis kansa akwai masu zagayayyen gida. Siffa dai amsa ce ga matsalar ruwa da rana da iska, kuma waɗanda ba su haɗa kaka ba suna iya isa ga amsa ɗaya. Duk da haka wanda ke tsaye gaban bishiya da tabarau ba shi da abin farawa da ya wuce ta.

Kura gari ne na rini tun kaka da kakanni, amma da baba aka san marinanta. Turawa kuwa sun daɗe suna samun wani launi ja mai sirkin shuɗi daga laikin ɗin da ake kira Roccella, wanda suka riƙa kwasowa daga tsibiran Kanari da Kef Bade da gaɓar Angola. Daga irinsa ake samun sinadarin takardar litmos, wadda duk ɗalibin kimiyya na sakandare ya taɓa tsomawa a ruwa ya ga ta sauya launi. Abin takaici, wannan ɗalibi ya haddace layi ɗaya a kan laikin don jarrabawa, cewa misali ne na zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, ba a taɓa fita da shi bayan aji an nuna masa ɗaya ba. A ganina hasara ce, musamman a yankin da ke da tashar binciken noman rani ta Kadawa, ga jami'a a Wudil, ga ta Bayero a Kano.

Hasarar ta fi ta ilimi kawai. Tunda laikin daga iska yake sha, duk abin da ke cikin iskar yana shiga jikinsa. An daɗe da sanin cewa hayaƙi mai farar wuta yana kashe su, kuma kafin su mutu sukan fara da rage fitar da faranti. A Holan, daga shekarun 1980, an ga yadda iskar amoniya daga gonaki da garken dabbobi ta sauya laikin ɗin bishiyoyi: wasu suka ɓace, masu son taki irin Xanthoria da Physcia suka mamaye. Yankin da ake zuba yuriya rani da damina, ake feshin magani, ake ƙona karan shinkafa, ga manyan motocin hanyar Zariya da ke cika kasuwar Kwanar Gafan lokacin tumatir, wuri ne da ya kamata a riƙa duba bishiyoyinsa ana rubutawa, a kwatanta na bakin titi da na can cikin gonaki.

Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A sami tabarau, da wuƙa, da fensir. A yanko ɗan ɓawo siriri wanda ba zai kai ga farin itacen ba, a zaɓi inda akwai faranti ko ɗigo, a bar sauran tabon ya ci gaba da girma, don wani shekara guda ba ya ƙara fiye da milimita kaɗan. A shanya shi a inuwa, a sa a ambulan na takarda, ban da leda, don leda na riƙe danshi funfunar gida ta cinye shi. A bayan ambulan ɗin a rubuta sunan bishiyar, da ƙauyen, da ranar, da gefen da aka samo shi, gabas ko arewa, da nisansa daga kanal.